Kujera ta Ashirin

"Ba na so! Na ce maka ba na so!"

Na ture kwalin da ya ajiye a gabana har ya kusa faɗowa daga kan kanta. Mai fitila ya tare shi da hannu ɗaya, ko a jikinsa, yana wannan murmushin nasa mai sa in ji kamar in shaƙe shi, in kuma ji kamar in zauna ina kallonsa har a tashi kasuwa.

"Ranki ya daɗe, a hankali mana. Fitilar ba ta yi miki laifi ba."

"Kai ka yi min! Mutum goma sha tara za a ɗauka a hoto ɗaya, layi uku, ka ce in ɗauki fitila mai ci ɗorewa, wadda ba ta walƙiya? Filasha nake so! Mai walƙiya, mai ƙarfi, wadda za ta kai har layin baya!"

"Ashirin," ya ce.

"Me?"

"Mutum ashirin."

"Sha tara! Dangina ne ko naka? Au... kanka ka ƙirga? Tun ba a ba ka ba har ka shiga hoton gidanmu? Lallai ma!"

Ya yi dariya kawai ya sosa ƙeya, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan da na fara taka shagonsa, neman ƙwan fitila guda ɗaya tak. Daga ranar ƙwayayen ɗakin hotonmu suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya yafe min, akwai guda uku da na cire da ransu, don kawai in samu dalilin komawa.

Ɗakin hoton na Baba ne. Shekara talatin da biyar yana ciki, sai bara da aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi walƙiya, hannunsa kuma ya soma rawa. Ya miƙa min kyamara, ya koma kujerar bakin ƙofa da baƙin gilashinsa. In ina ɗaukar mutane da filashar kan kyamara sai ya juya baya. Amma ko da baya Baba yana gani, wallahi. "Uwata, kin sa wa yarinyar nan inuwa a wuya," ba tare da ya waiwayo ba. In na duba kuwa, ga inuwar nan.

Sau biyu mai fitila yana aiko da maganar manyansa za su zo. Sau biyu Baba yana cewa, "A dakata." Ba dalili, ba faɗa. A dakata kawai. Ni kuwa ba zan iya tsallake maganar Baba ba ko da zuciyata za ta fashe, kuma ta kusa.

Ranar Litinin sai tsohuwar babbar fitilarmu, wadda ta girme ni, ta yi fau! ta mutu. Ga Yaya zai iso da matarsa da 'ya'yansa bayan shekara shida ba ya nan, sati ɗaya kacal zai yi. An riga an sa Asabar za a yi hoton gida gaba ɗaya.

Ina tsaye ina kallon fitilar tana hayaƙi, Baba ya yi gyaran murya.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ki ce wa mai fitilar nan naki ya zaɓo mana haske."

Na yi tsuru. Naki!

"Ni ba na jin maganar baki, hoto nake ji. Asabar zan duba. In ya iya raba wa gidan nan haske ba a cuci kowa ba, manyansa su zo. In bai iya ba, ya ci gaba da sayar miki da ƙwai, ke kuma ki ci gaba da cire su da ransu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige! Ashe duk abin nan Baba yana sane. Amma ina fita waje na daka tsalle kamar 'yar shekara bakwai, ban tsaya ko'ina ba sai shagon mai fitila. Shi ne muka ɓuge da wannan faɗan.

"Ka san abin da ke kan hoton nan kuwa?" na ce. "In ya ɓaci, mu ne muka ɓaci."

"Na sani, zuciyata. Zo ki gani."

Ya ja ni zuwa bayan shagon, inda yake gwada wa masu saye kaya. Ya buɗe wata farar lema, ƙatuwa, da za ta iya rufe mutum uku a ruwan sama.

"Irin wannan guda biyu. Ɗaya dama, ɗaya hagu, a kan ƙafafu masu tsawo. Kuskuren da mutane ke yi a hoton taro, sai su kawo fitila kusa. Na gaba su ƙone, na baya su nutse. Ja da ita baya za mu yi, mu ɗaga ta sama da kawunansu, ta sauko a kan kowa daidai. Inuwar na gaba ma sai ta faɗi ƙasa, ba a fuskar na baya ba."

"Matar Yaya tana sa gilashi."

"Shi ya sa za a ɗaga. Hasken ba zai dawo ta gilashin ba."

"To hoton mutum ɗaya fa? Ba kullum nake ɗaukar gayya ba."

"Zauna nan."

Na zauna a kan kujerar, ina kumbura baki. Ya janyo wani akwatin haske, baƙi ta baya, bakinsa rufe da farin kyalle. Ya matso da shi dab da kumatuna, ta gefe, ya kunna. Ya miƙo min madubi.

Subhanallah. Ni ce kuwa? Hasken ya kwanta a fuskata lumui, ba kaifi, ba sheƙi, ɗan tabon da ke haɓata ma ya yi kyau.

"Na taro a ja shi nesa, na mutum ɗaya a kawo shi kusa," ya ce a hankali. "Iya kusancinsa, iya laushinsa."

"Fitilar kake nufi?"

"Fitilar mana. Me kika zata?"

Na ɗaga madubin kamar zan kwaɗa masa, muka fashe da dariya. Amma ban manta da faɗana ba.

"Duk na yarda. Lema biyu, akwati ɗaya, ƙafafu uku, har wancan faifan azurfar mai mayar da haske. Amma me ya sa ba za mu sa filasha a cikin lemar ba? Mai ci ɗorewa ba ta da ƙarfinta. Dole kyamara ta daɗe ido buɗe, wanda duk ya motsa zai fito dishi-dishi. Ga tagwayen Yaya, an ce ko barci suke yi sai sun yi shuri!"

"Na ɗauko mafi ƙarfi a shagon nan. Sauran ki bar min."

"Ba dalili?"

"Akwai. Asabar za ki gani. Ki yarda da ni sau ɗayan nan, hasken idona."

To, me zan ce? Mutum ya kira ki hasken idonsa yana riƙe da fitila a hannu. Na yarda.

Ranar Juma'a da hantsi ya kawo kayan. Muna cikin kafa ƙafar farko aka bugo min waya, su Yaya sun iso! Na miƙa masa makulli na ce ya ƙarasa, ya kwashe tarkacen da zai tare masa hanya, na ruga.

Da na buɗe ɗakin da safiyar Asabar sai da na yi guɗa ni kaɗai. Lema biyu a tsaye kamar fararen furanni, wayoyi an manne su a ƙasa tsaf, benci biyu da kujeru a jere. Matacciyar fitilar babu ita. Bangon hagu ma ya fito fili da koren fentinsa mai duhu, don tsohon farin kyallen nan da ke rataye a can tun ina rarrafe, wanda ya koma ruwan madara don tsufa, shi ma an cire. Har na ce a raina, madalla, an rabu da tsumma. Ni a zatona ɓawon fenti yake rufewa.

Ƙarfe goma ɗakin ya cika maƙil.

"Ni fa gaba zan zauna!" in ji Gwaggo, ƙanwar Baba. "Ban ɗinka kayan nan don a ga ɗankwalina kawai ba!"

"Gwaggo, ai ke ce hoton, mu rakiya muka zo," in ji Yaya.

"Ka ji ɗan albarka. Kai, riƙe yaran nan, za su kayar da lema!"

Mai fitila yana ta kai da kawo cikin farar riga, gumi na tsatsafo masa duk da fanka. Ya gaida Baba har ƙasa. Baba ya amsa da "Lafiya," guda ɗaya, daga kujerarsa ta bakin ƙofa.

Umma ta shigo a ƙarshe, ta wuce can ƙarshen layin gaba, jikin bangon hagu, ta zauna. Nan take zama tun fil azal. Umma baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi da ake juyowa a sake kallo, ga kunya kamar amaryar jiya. Kullum cewa take yi tsakiya ta masu son fuskarsu ce.

Na shiga layi na biyu. Mai fitila ya kunna fitilun, ɗakin ya yi fes, ya leƙa kyamara.

"Kowa ya tsaya cak... ɗaya, biyu..."

Ƙyas!

Hoton ya hau allon kwamfuta, kowa ya yi caa a kai.

"Kai! Kai! Dubi kayana!" in ji Gwaggo.

"Gilashina bai yi walƙiya ba!" in ji matar Yaya.

Har tagwayen sun fito ras. Na baya kamar na gaba, ba inuwa ko ɗaya. Na kalli mai fitila, bakina har kunne. Mun ci!

Sai Baba ya taso. Aka buɗe masa hanya. Ya zaro gilashin ƙara girma daga aljihu, ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu. Da ya kai ƙarshe ya tsaya.

"Ina matata?"



Na leƙa.  Umma tana nan, amma ɗankwalinta ne kawai da fararen idanunta. Rabin fuskarta ya narke cikin duhun bangon. Duk murnarmu ba wanda ya lura, kowa kansa ya duba.

"Yanzu zan gyara, Baba," in ji mai fitila da sauri. Ya juya. "Umma, don Allah ko za ki dawo tsakiya? Nan hasken ya fi..."

Wayyo! Na runtse ido. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Ɗan nan," Umma ta ce a hankali, kanta a ƙasa, "nan nake zama."

Baba ya mayar da gilashin aljihu. "Uwata, miƙo min sandata. Ku ɗauka yadda kuka ga dama."

"Baba, don Allah!" Ban san sanda hawaye suka zubo min ba. "Don Allah, Baba..."

"Minti goma, Baba," in ji mai fitila.  "Minti goma kawai nake roƙo."

Baba bai karɓi sandar ba, ya koma kujerarsa.

Mai fitila ya ɗauko faifan azurfa ya kafa kusa da Umma. Ƙyas! Goshinta ya fito yana ƙyalli kamar an shafa mai, Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya, sai da Yaya ya taɓa ta. Ya cire faifan, ya matso da lemar hagu kusa. Ƙyas! Umma ta fito, amma matar Yaya, da yake fara ce, ta ƙone fat ba hanci ba baki, layin baya kuma ya nutse. Tagwaye suka fara kuka. Minti shida sun tafi.

Mai fitila ya sake leƙa kyamara. Na so in je in riƙe shi, ba hali.

Sai ya saki komai, ya nufi bangon da Baba ke rataye hotunan gidanmu na shekara da shekaru. Ya tsaya yana kallo. Ya dawo ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, a ara min gilashin ƙara girman nan."

Baba ya dube shi, ya miƙa masa.

Ya kafa gilashin a fuskar Umma a hoto na farko. Ya matsa na biyu. Na uku. Na huɗu. Sai ya waiga ya kalli koren bangon hagu, inda ƙusoshi biyu suke tsaye ba komai a kansu.

"Innalillahi... kyallen!"

Ya ajiye gilashin a cinyar Baba ya fita a guje. Muka ji babur ɗinsa ya tashi kamar an koro shi.

"Shi ke nan, ango ya gudu," in ji Gwaggo.

Na je na tsuguna gaban Umma, na kifa kaina a cinyarta. "Umma, wane kyalle? Wancan tsumman?"

Ta ɗan buge ni a kafaɗa. "Tsumma a gidanku. Mayafina ne."

Na ɗago.

"Ina 'yar shekara sha tara na zo ɗakin nan, hoton katin makaranta. Kunya ta sa na manne a jikin bangon can, ya yi ya yi in matso tsakiya na ƙi. Ya leƙa ya leƙa, ya ce ba na fitowa. Sai ya hango sabon mayafi a jakata, ranar na saye shi, ko yafawa ban yi ba. Ya ce in ara masa. Ya buga ƙusa biyu ya rataye shi a gefena, hasken ya daki mayafin ya dawo fuskata." Ta yi murmushi, tana kallon ƙasa. "Ya ce in dawo gobe in karɓi hoto da mayafi. Hoton dai na karɓa."

"Mayafin fa?"

"Kullum na tambaya sai ya ce in dawo gobe."

Yaya ya ce, "Umma! Shekara talatin da huɗu ina duniya ban taɓa jin wannan ba!"

"Wa ya tambaye ni?"

Na saci kallon Baba. Ya juya fuska wajen titi kamar ba da shi ake ba, amma yatsunsa suna ta murza gilashin nan.

Ni kuwa sabon tsoro ya kama ni. Ni na ce ya kwashe tarkace. Ni, da na girma a ɗakin nan, na ɗauki hoto dubu a gaban mayafin nan ban taɓa tambayar aikinsa ba! In ya jefar fa? In motar shara ta riga ta wuce? Na shiga addu'a, duk wadda ta zo bakina.

Minti goma suka wuce. Sha biyar. Ashirin. Baba ya duba agogo, ya sake dubawa, ya miƙa hannu wajen sandarsa.

Sai ga ƙarar babur!

Ya shigo yana haki, farar rigarsa sharkaf, mayafin a ninke a kan tafukansa biyu kamar mai ɗauke da jariri. Bai kalle ni ba. Gaban Baba ya zube.

"Baba, na yi kuskure. Na ɗauka kyalle ne kawai. Tsohuwar fitilarka na naɗe da shi don kada ta fashe a hanya, na kai shago ko zan iya tayar maka da ita. Ga shi, ya ɗan taɓa baƙi a gefe. Ka yafe min. Umma, ki yafe min, na ce ki tashi daga wurinki."

Baba ya shafa mayafin da yatsa. "Wa ya faɗa maka aikinsa?"

"Idon Umma. A kowane hoto akwai ɗigon fitila a idon kowa. Ita kaɗai ke da na biyu, fari, mai kusurwa huɗu, ta gefen bango. Na san ba fitila ba ce."

Baba ya ce, "Minti gomanka sun daɗe da ƙarewa."

"Na sani, Baba."

"To me kake jira? Rataya mana."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa tun ba a je ko'ina ba! Ya rataye mayafin a ƙusoshinsa, ya mayar da lemar hagu inda take da farko, ya ɗan karkata ta dama don haskenta ya tsallaka ya sauka a kan mayafin. Kowa ya koma wurinsa, aka toshe bakin tagwaye da alewa.

Ƙyas!

Wannan karon ba wanda ya duba kansa. Duk muka zuba ido can ƙarshen hagu. Ga Umma nan, fuskarta cike, baƙinta na sheƙi a hankali, har ɗan ramin kumatunta ya fito. Ban taɓa sanin uwata kyakkyawa ce haka ba.

Baba ya daɗe a kanta da gilashinsa.

"Ga ta nan," ya ce, muryarsa ciki-ciki.

Na fara lissafin yadda zan yi ihu ba tare da na ji kunya ba, sai mai fitila ya ce, "Saura mutum ɗaya, Baba."

Ya je bakin ƙofa, ya ɗauko kujerar Baba da kansa, ya matsar da ta Gwaggo kaɗan, ya ajiye ta dab da Umma.

"Mene ne haka?" in ji Baba.

"Ranar da na fara kawo ƙwai ɗakin nan na ƙirga hotunan bangon can. Ashirin da bakwai ne. Babu kai ko a ɗaya, kullum kana bayan kyamara. Na ji an ce likita ya hana ka walƙiya, shi ya sa ban kawo filasha ba. Waɗannan ba sa walƙiya, Baba, kuma lemar ta tace su. Za ka iya buɗe ido."

Ashirin.

Na toshe bakina da hannu biyu. Ashe ba kansa ya ƙirga ba! Ni ina can ina masa tsiya a shago, ina ture masa kwali, shi kuwa ubana yake nema wa wuri. Ya san fitilar ba ta kai filasha ƙarfi ba, ya san aurenmu ke kan hoton, ya zaɓe ta duk da haka. Kuka ya ƙwace min, mai sauti, ban damu da wanda ke kallo ba.

"Ni ba na shiga hoto," in ji Baba. Amma muryar ba ta da ƙarfi.

"Baba, 'ya'yana ba su da hotonka ko ɗaya," in ji Yaya. "In mun koma me zan nuna musu?"

"Yaya, ka zauna mana, kayana na yamutsewa!" in ji Gwaggo, tana duban Baba.

Umma hannu kawai ta sa ta share kujerar da gefen zaninta.

Baba ya tako a hankali ya zauna. Ya cire baƙin gilashin ya sa a aljihu. Ya ɗaga kai ya kalli lemar, yana jiran zafin da ya saba ji. Ya ƙifta sau ɗaya, sau biyu... idonsa ya tsaya a buɗe. Suka cika da ruwa, kuma na san ba fitilar ba ce.

Mai fitila ya koma bayan kyamara. "To, kowa ya tsaya cak. Ɗaya..."

"Dakata."

 Wannan kalmar kuma!

"Kai, kyamarar nan ba ta da agogo ne?"

"Tana da shi, Baba. Sakan goma."

"To saita ka zo. Ka tsaya gefen uwata." Ya ɗan yi tunani. "A'a, ba dab da ita ba. Yayanta ya shiga tsakani."

Ɗakin ya kaure! Gwaggo na guɗa, matar Yaya na tafi, ƙannena na bubbuga benci. Mai fitila ya tsaya baki buɗe kamar bai ji Hausa ba.

"Ka danna mana!" na ce, ina kuka ina dariya.

Ya danna. Jar fitilar kyamara ta fara ƙiftawa. Maimakon ya taho, sai ya tsaya gyara ƙafar lema da tagwaye suka ture. Shida... biyar... "Taho! Taho!" Ya kwaso a guje, ya tsallake waya, ya kewaya benci, Yaya ya cafko hannunsa ya fizgo shi...

Ƙyas!

Muka ruga allon. Mutum ashirin sun fito ras, kowa na dariya, Baba da Umma kafaɗa da kafaɗa, ɗigon mayafin nan fari a idon kowannensu. Na ashirin da ɗaya kuwa, can a layi na biyu, wata farar guguwa ce mai haƙora.

"Na faɗa maka wanda ya motsa zai yi dishi-dishi!" na ce.

"A sake, Baba, don Allah," in ji shi, kunya kamar ta kashe shi. "Na ɓata hoton."

Baba ya kafa gilashinsa a kan guguwar, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Ba za a sake ba. Haka ka shigo gidan nan, da gudu, kana gyara abin da ba a sa ka ba. Uwata, ki wanke shi babba, a rataye." Ya ɗago ya dubi mai fitila da idonsa tsirara. "Ka ce wa manyanka ina jiransu. Kuma ka dawo min da fitilata, ko ta tashi ko ba ta tashi ba."

Ban san sanda na rungume Gwaggo ba, har na yamutsa mata kayan da take ta karewa tun safe. Ta saman kafaɗarta na hango shi, ya durƙusa riƙe da hannun Baba, yana kallona, leɓensa na motsi ba sauti: hasken idona.

Aka fara watsewa, ana ta hayaniya a bakin ƙofa. Ina naɗe waya na ga Umma ta tsaya jikin bangon hagu. Ta kama gefen mayafin, inda ya taɓa baƙi, tana murzawa da yatsa.

"Mai hoto," ta ce a hankali, "tunda an sauke shi an mayar, yau dai zan tafi da abina?"

Baba bai ɗago daga kan hoton ba.

"Ki dawo gobe," ya ce.